Tsohuwar Wayar Mai Makulli

"Na ce ba na so. Ana dole ne?"

Muryar Mai Makulli ce ta ratso bango. Sista ta buɗe ido ɗaya ta dubi agogo: sha ɗaya saura kwata na safe. Ko awa biyu ba ta yi da dawowa daga aikin kwana a asibiti ba, takalmanta ma suna nan bakin gado inda ta tuɓe su. Bangon da ya raba ɗakinta da falon maƙwabtanta irin wanda magina ke yi ne ranar da siminti ya kusa ƙarewa. In an ajiye kofi a can, sai ta san ko da shayi a ciki.

"Ba ka so," in ji matarsa. "Yarinya ta karɓi albashinta na farko, ba ta sayi takalmi ba, ba ta sayi jaka ba, ta ce ubanta tukuna. Shi ne za ka buɗe baki ka ce ba ka so."

"Tawa me ta yi?"

"Taka? Wannan da gilashinta ya tsattsage kamar faso? Wadda sai ka ɗaure mata caja da roba kafin ta yarda ta ci wuta?"

"Tana kira, tana amsawa. Me kuma ake nema a wurin waya, ta haihu?"

"Kai dai ka ji da taurin kanka."

"Ba taurin kai ba ne. Wayoyin nan gida biyu ne, kowa ya sani. Wadda ta sayo 'yar wancan gida ce, komai nata a juye yake. Ni hannuna ya saba da nan."

"Sai ka koya. Ai ban mutu ba. Abin da ya shige maka duhu ka kawo min, kamar da."

Ta bangon, Sista tana jin gurnanin firjinsu.

"Kamar da," in ji shi a hankali, kamar mai ɗanɗana magani. Sai ƙarar ƙofa, sai takunsa a matakala, tarin makullan da ke ƙugunsa suna ta kacau-kacau har ƙasa.

Sista ta ja filo ta rufe kai, amma barcin ya riga ya yi nasa wuri. Ta san abin da ake faɗa a kai, kuma ba waya ba ce.

Mai Makulli bai iya karatu ba. Shekararsa hamsin da takwas, kuma a saninsa mutum ɗaya ne a duniya ya san haka, wato matarsa. Sista da kanta ta gano, shekara uku baya, ranar da ya ƙwanƙwasa mata ƙofa da kwalbar maganin tari ya ce ta duba masa sau nawa ake sha, ya manta tabaransa a shago. Tabaran yana rataye a wuyansa, yana lilo a kan maɓallin riga. Aikinta ya koya mata irin wannan kallo: mutum ya riƙe takarda yana dubanta gaba ɗaya kamar hoto, ƙwayar idonsa ba ta tafiya daga wannan gefe zuwa wancan. Ta karanta masa, ta ja layi uku da biro a jikin kwalbar, ta miƙa masa.

'Yarsu tilo kuwa, wadda kowa a benen ke kira Farfesa, ba ta sani ba. Ita ta sayo sabuwar wayar, tana nan cikin kwali da ledarta a durowar uwar. Farfesa ta ce kada wanda ya buɗe. Ranar Asabar za ta zo da kanta ta zauna kusa da Baba, ta kwashe masa komai daga tsohuwar zuwa sabuwar, ta koya masa mataki-mataki. Ranar faɗan nan kuwa Talata ce.

Tarihinsa gutsure-gutsure Sista ta tattara shi, yawanci daga bakin Maman Farfesa, wadda ke shigowa awon jini duk mako, ta zauna awa guda tana magana bayan an gama awon da minti biyu. Ita ma ba ta taɓa kiran abin da sunansa ba. Kewaye shi take yi, kamar mai kewaye rami a hanyar da ta saba bi.

Wata huɗu ya yi a makaranta. Ubansa ya faɗo daga tsani ya karya ƙugu, aka cire ɗan fari aka kai shi wurin wani tsoho mai gyaran kwaɗo. Lambobi ya iya su fiye da masu ilimi, domin makulli duk lamba ne: zurfin haƙori, tazarar haƙori. In ya kalli makulli sau ɗaya a hannunka, jibi ya yanka maka irinsa. Haruffa ne suka ƙi shi, ko kuwa shi ya ƙi komawa wurinsu bayan gemu ya fito. Sa hannunsa ma kamar makulli ya koye shi: haƙora uku, gangara, wutsiya. Biro biyu yake sakawa a aljihun gaba. Jarida kuwa kullum sai ya saya.

Matar tana buga takardu ne a wani ofis lokacin da aka kira shi ya buɗe musu durowar da makullinta ya ɓata. Sati biyu da aure ta gane. Ta maƙala masa takarda a ƙofa cewa ta tafi asibiti wurin mahaifiyarta, ta dawo da yamma ta tarar ya zagaye unguwa yana cigiyarta, takardar na ninke a aljihunsa. Ba ta yi masa dariya ba. Ba ta kuma ce zo in koya maka ba. Sista takan daɗe tana juya wannan na biyun.

Shekara ashirin da huɗu, duk abin da aka rubuta a duniya ta bakinta yake shiga kunnensa: takardar haya, takardar wuta, wasiƙar ƙanensa, sakamakon jarrabawar yarinya. Sai ta karanta masa a kicin cikin raɗa, ya fito falo ya ɗora tabarau, ya riƙe takardar nesa da fuska ya ce, "Lissafi ya sauko daga tamanin zuwa saba'in da ɗaya. Me ya faru?" Jaridar kuma yarinyar yake miƙa wa tun tana shekara biyar. "Karanta min, in ji ko kin iya." Lokaci-lokaci ya ɗaga yatsa ya ce, "Sake wannan layin." Ta sake, tana neman kuskuren da ba ta yi ba. Haka ta fi kowa karatu a ajinsu, haka sunan Farfesa ya bi ta har ofis.

Sai waya ta zo. Shekara shida da suka wuce, wani malami makaho ya je shagon yankan makulli, Mai Makulli ya ga wayarsa tana yi masa magana a kunne. Bai bar mutumin ya tafi ba sai da ya saita masa tasa. Tun daga ranar, in saƙo ya shigo, ya ɗora yatsa, wata murya ta karanta masa, ya mayar da amsa da baki. Lambobin mutane kuwa ya yi musu nasa tsari: kowane mai kawo aiki, sai ya ɗauki hoton ƙofarsa ko kwaɗonsa ya maƙala a lambar, a wurin suna ya danna duk harafin da yatsa ya faɗa kai. Ƙofofi sun fi ɗari huɗu a wayar nan, kuma ko ɗaya bai taɓa ruɗa shi ba. Ya daina kawo takardu kicin.

"Ya yi sabuwar sakatariya," Maman Farfesa ta taɓa cewa tana dariya. "An sallame ni ko takardar sallama babu." Sista tana kallon allurar awon jini tana hawa a daidai lokacin.

Maman Farfesa ce kuma, da bakinta, ta ba da labarin yadda aka yi sayayyar. Farfesa ta kira ta daga kanti ta ce, "Mama, irin tasa zan saya ko irin tawa?" Ta ce, "Irin taki mana, ai ta fi kyau." Da ta zo nan a labarin sai ta gyara zaman ɗankwalinta, ta tambayi Sista ko gishiri ne ke hawar mata da jini.

Ranar Laraba da la'asar Sista ta bi ta shagonsa da makullin lokar ajiyar kayanta na asibiti, wanda ya lanƙwashe tun watan jiya tana fama da shi. Shagon yana ƙarƙashin matakalar wani bene kusa da tashar bas, faɗinsa bai wuce mutum ya miƙa hannu biyu ba. Allon ƙusoshi a bango cike da makullan da ba a yanka ba, inji a kan benci, magagari iri-iri a cikin gwangwani, garin tagulla yana ƙyalli a ƙasa da kan gashin hannunsa. Jaridar ranar na ninke a gefe, an ɗora mata kofin shayi.

Yana cikin yanka sai wayarta ta yi ƙara. Ya kashe injin.

"Sista, taki ma 'yar wancan gida ce ko?"

"Ita ce."

"To ina ƙofar bayanta? Tawa in na ɓata, ga ɗan kusurwa nan a ƙasa, in danna in koma inda na fito. Taku na ga fili ne fetal."

"Shafa ta ake yi daga gefe."

"Shafa ta. Kamar kyanwa." Ya girgiza kai. "Mutum ya gina gida ba ƙofar baya, ya ce maka ci gaba ne."

Ta nuna masa. Ta ce ai irin wannan wayar ma tana karanta saƙo da murya, ana kuma maƙala hoto a lamba, an yi hakan ne saboda masu matsalar ido. Ta ɗan tsaya kafin ta ƙara, "Irin idon nan naka."

"Ido, wallahi," ya ce da sauri. "Ido ya tafi, Sista."

Shi ke nan suka sami kalmar da za su yi aiki da ita.

"Ba bayan an gama ne damuwata ba," ya ce yana goge makullin da burushi. "Ranar farko. An ce tambayoyi take yi wa mutum kamar ɗan sanda."

"Sun kai goma sha biyu."

"Duk a rubuce."

"Duk."

"Ga Farfesa a nan." Ya taɓa kafaɗarsa ta dama.

Sista ta ce ya kawo mata kwalin ta saita masa kafin Asabar, a ce ɗoki ne ya hana shi jira. Ya dube ta kamar ta ce ya haura katanga.

"Ta ce kada a buɗe. Shekara hamsin ina sana'ar nan, ban taɓa buɗe abin da mai shi ya ce a bari ba. Kuma a durowar mamanta yake. Makullin durowar ni na yanka shi, shi ya sa ba zan taɓa ba."

Sai ta tuna tana da wata tsohuwa irin ta wancan gida a cikin akwati, wadda ta daina amfani da ita shekara huɗu. In aka goge ta tas, za ta taso da tambayoyin farko kamar sabuwa. Washegari ta kawo masa.

La'asar biyu da safiya ɗaya suka yi a kai. Ta goge, ya bi, ta sake gogewa. Bai koye shi kamar karatu ba, kamar makulli ya koye shi. "Na farko, shuɗin ƙasa. Na biyu, na uku daga sama. Na uku a ƙyale babban, a taɓa ƙaramin da ke ƙarƙashinsa." A kowane mataki sai ya tambaya me take cewa, ba don ya sani ba, don ya tanadi abin faɗa. Da Sista ta ce a nan tana neman izinin sanin inda yake, sai ya ɗora tabarau, ya ɓata fuska, ya gwada: "Ji min waya. Ina ruwanki da inda nake?" Ya sake faɗa da wata murya, ya zaɓi ta biyun. Sau ɗaya kawai Sista ta kusa taka kalmarsu, da ta ce, tana kallon titi, "In ana bin layin da ido daga hagu zuwa dama, ya fi kyan gani." Bai dube ta ba. A zagaye na gaba ya yi hakan, har da motsa leɓe.

Sista ta gaya wa kanta tausayi ne ya kawo ta, wani lokaci kuma ta ce barcin safe take nema wa kanta. Duka biyun gaskiya ne, amma ba su ne duka ba. Shekara goma sha ɗaya tana zaune ita kaɗai a ɗakin nan, tana jin rayuwar mutane ta bango, a asibiti kuma tana juya marasa lafiyar da ba sa tuna fuskarta bayan an sallame su. Ga dattijo yanzu yana jiran bakinta kafin ya motsa yatsa. Abin yana da daɗi. Sai ranar Juma'a, tana tsaye a kansa tana raɗa masa abin da ke rubuce, ta gane kujerar wa ta hau: ta matarsa. Ta ɗan ji wani iri, amma ba ta sauka ba.

Ranar ce ma ta ce, "Farfesa fa ba yarinya ba ce. In aka ce mata ido ne, ko ma me ne, za ta fahimta."

"Na san shekarunta, ina wurin aka haife ta." Ya juya wayar a tafin hannu. "Tana aji uku ta dawo da leɓe a fashe. Wata yarinya ta ce ubanta mai yankan ƙarfe ne. Ita kuma ta ce, ubana ya fi ubanki karatu, jarida guda yake cinyewa kullum, kuskure ɗaya ba ya wuce shi. Suka kama kokawa. Ni na wanke mata bakin." Ya miƙo wayar. "Goge, mu sake."

Zuwa yammacin Juma'a yana gamawa cikin minti huɗu, har da tsayawa, har da gyaran murya. Babu wanda ya yi tunani a cikinsu cewa wayar shekara huɗu da wayar bana ba lallai tambayoyinsu su zo ɗaya ba. Ko kuwa Sista ta yi tunanin ta bar shi ya wuce; daga baya ta kasa tantancewa.

Farfesa ta iso ranar Asabar da ƙarfe biyu. Sista tana gida. Ba ta kunna rediyo ba, ta zauna a bakin gado tana ninke kayan da ta riga ta ninke.

Ta ji an yage leda, ta ji Farfesa tana cewa, "Tsaya, Baba, kawo tabaran in goge maka, duk garin ƙarfe ne." Ta ji wuƙar Maman Farfesa tana sara a kan katako daga ƙofar kicin, inda take iya ganin falo.

"Baba! Wane ne kuma wannan? Harafi ɗaya sau huɗu da hoton kwaɗo? Duk lambobinka haka suke! Ina sunayen mutane?"

"Ke da karatunki. In aka sace wayar mai makulli aka ga suna, ga hoton ƙofa, me aka ba ɓarawo?"

"Kai! Wallahi ban taɓa tunanin haka ba. Mama, kin ji? A ofis ɗinmu har kwas ake tura mutane su koyo wannan."

"Na ji," in ji uwar. Wuƙa ta ci gaba.

Aka fara. Sista tana bi a ranta: shuɗin ƙasa, na uku daga sama, ƙaramin da ke ƙarƙashi. A mataki na shida muryarsa ta tashi daidai yadda ya zaɓa: "Ji min waya. Ina ruwanki da inda nake?" Farfesa ta fashe da dariya har da tafi.

"Mama, zo ki ga mijinki! Wai shi ne ba ya so. Ya fi ni sauri."

Wuƙar ta ɗan tsaya, ta ci gaba da ƙarfi. Bakwai, takwas, tara.

"A'a, wannan kuma sabo ne," in ji Farfesa. "Tawa ba ta yi min shi ba. Dogon bayani ne. Tsaya, ba zan leƙa ba." Aka ji kujera ta motsa, muryarta ta koma irin ta manya, tana kwaikwayo. "Yau kai za ka karanta min. Shekara nawa ina karanta maka jarida? Karanta min, Baba, in ji ko ka iya."

Wuƙar ta tsaya cak.

Sista ta san akwai maganar da ake yi a irin wannan wuri, domin ta sha jin ta ta bangon nan in baƙo ya miƙa wa Mai Makulli takarda: kawo in gani, hasken nan bai ishe shi ba. Maganar tana bakin Maman Farfesa, a shirye. Ba ta sake ta ba. Jira take ya kira ta. Sunanta kawai zai faɗa, ko ya juya ya dube ta, komai ya wuce, gobe kuma takardu su koma kicin. Sista ta sami kanta da yatsa biyu a wuyan hannunta tana ƙirga, kamar a bakin gadon mara lafiya. Ta kai goma sha huɗu.

Sai aka ji an ajiye abu a kan tebur, ba da ƙarfi ba.

"Don ni kika sayi wannan?" in ji Mai Makulli.

"Na'am?"

"Na ce don ni kika saya, ko don abokan aikinki? Ranar da na zo ofis ɗinku kawo miki makullin gida, na ciro wayata, na ga yadda kika kalle ta. Kika matso kika tsaya tsakanina da su. Kina tsammanin ban gani ba?"

"Baba, ni ban..."

"Ido ne ya tafi, ba hankali ba. In fasasshiyar waya ce ke ba ki kunya, ai mai ita ma a fashe yake, sai ki canza shi. Ɗauki abinki. Ki ba wanda zai dace da ofis ɗinku."

Sista ta san irin shirun da Farfesa ta yi: na wanda aka danna masa daidai inda ke ciwo. Akwai gaskiya a abin da ya faɗa, shi ya sa ya zaɓe shi. Tun ranar ofis ɗin yake ajiye da shi, kamar makullin da aka yanka aka rataye ba a san ranar amfaninsa ba.

Aka ji zif ɗin jaka. Aka ji kwali yana ƙin rufuwa, ana dannawa. "Mama, sai anjima," da wata siririyar murya. Takalma masu tsini suka sauka matakala, ba gudu ba, ɗaya bayan ɗaya.

Sai muryar Maman Farfesa ta taso daga ƙofar kicin.

"Kalma ɗaya. Da ka kira ni."

"Na sani," in ji shi.

Lahadi bangon bai kawo komai ba sai ƙarar famfo da cokula. Sau biyu Sista ta ji muryar nan ta tsohuwar waya tana karanta masa saƙo, wani yana neman a canza masa makullin shago. Maman Farfesa ba ta shigo awon jini ba.

Litinin da safe, wajen ƙarfe tara, Sista ta dawo daga aiki tana cire takalmi aka ƙwanƙwasa. Shi ne, da kayan aikinsa, biro biyu a aljihu, tsohuwar wayarsa a hannu da robarta. Ya miƙo mata tata wadda ta ara masa, a nannaɗe cikin shafin jarida.

"An gode, Sista. Ta yi aikinta."

"Ba komai."

Bai tafi ba. Ya sa hannu a aljihu ya ciro takarda ninki huɗu, da ɗan garin tagulla a gefenta. Ya ce a ƙarƙashin ƙofar shago ya tsince ta da ya je buɗewa, sai ya rufe ya dawo. Sista ta hango rubutun Farfesa ta bayan takardar, shafi guda cike, layuka a jere kamar an ja su da rula. Shi ya koya wa yarinyar cewa magana mai nauyi da hannu ake rubuta ta, ba a tura ta ta waya. Sakatariyar da ke kunnensa ba ta iya wannan ba. Ƙofar gidansa kuwa taku uku ce daga inda yake tsaye, matarsa tana ciki, ana jin motsinta.

Tabaran yana kan hancinsa. Sista ta ga hannunsa ya tashi zai taɓa shi, ta ga bakinsa ya shirya tsohuwar maganar. Ta jira ta, har ta fara gyara fuska don karɓarta.

Ya cire tabaran, ya ninke, ya sa a aljihu bayan birukan.

"Ba ido ba ne, Sista," ya ce. "Karanta min a hankali. Ki riƙa sa yatsa a inda kike."